Kakarki mai kitso ce, ki fara rubutunki daga nan

Assalamu alaikum, ɗiyata. Kafin komai ina yi miki ta'aziyyar rasuwar kakarki. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta tambayarki tun shekaranjiya, inda kika ce dangi sun ɗora miki rubuta tarihinta domin jikokin da ke nesa da waɗanda ba su yi wayo da ita ba, amma kin zauna da alƙalami kin rasa abin da za ki sa a takarda, tunda ba ta yi makarantar boko ba, ba ta riƙe wani muƙami ba, kitso kawai ta yi har tsufa ya hana ta. Wannan kalma ta "kawai" ita ce ta hana ni wucewa ban ce komai ba, domin ni ma na taɓa furta ta a kan mahaifiyata, kuma sai da ƙasa ta rufe idonta na gane girman abin da na raina.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi kitso a Tawa fiye da shekara sittin. Babu wanda ya san ranar haihuwarta, kuma katinta na ɗan ƙasa, kamar na yawancin tsararrakinta, shekara ce aka ƙiyasta aka rubuta. Ita kuwa nata lissafin ya fi na katin ƙarfi: ta ce tana goye da ɗanta na fari lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, a zamanin Diori Hamani. A jikin wannan kati, wurin da ake sa sana'a, kalmar Faransanci ce mai nufin matar gida. Ina ƴar makarantar firamare, duk sa'ad da malami ya tambayi sana'ar iyaye, wannan kalma nake rubutawa, saboda ina jin nauyin in ce mai kitso a gaban ƴaƴan ma'aikatan gwamnati, alhali littafin da nake rubutu a ciki da alƙalamin da ke hannuna duka daga kuɗin kitso suka fito. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce kada ki ɓoye sana'arta a ƙarshen takarda bayan kin jera cewa ta yi haƙuri, ta yi zumunci, ta riƙi addini. Duk wata tsohuwa da ta rasu ana faɗin haka a kanta, kuma sau da yawa gaskiya ne, amma jikan da bai san ta ba ba zai gane ta da waɗannan kalmomi ba. Da kitson zai gane ta.

Ke da kika tashi a Yamai wataƙila ba ki san yadda gidajen Adar, yankinmu na Tawa, suke a wancan zamani ba. Da zarar an gama girbi, maza sukan kama hanyar biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Nijeriya, daga baya wasu Libiya, su bar mata da yara da tsofaffi. Babanmu yana cikin masu zuwa Abijan. Da fari yakan dawo kafin ruwan shuka, daga baya sai ya riƙa haɗa shekara biyu ko uku bai zo ba. Ba sakaci ya yi ba, kuma yana aike, amma saƙon sai an sami mai tahowa gida, kuma tukunya ba ta jiran mai tahowa daga Abijan. Abin da ya riƙe gidanmu tsakanin saƙo da saƙo shi ne tabarma ɗaya da ake shimfiɗawa a inuwar dogon yaro a tsakar gidanmu da ke Bilbis, da ƴar kujerar tsugunno, da gwangwanin da ke ɗauke da tsinken tsaga da mataji da man shanu. Inna takan gama aikin gida da hantsi ta zauna, ba ta tashi sai don salla, har rana ta yi sanyi. Ranar Lahadi, da yake kasuwar Tawa ke ci, gidan yakan cika da matan ƙauye da suka sayar da kayansu suke so su koma da sabon kai. Ba dukansu ke biya da kuɗi ba. Bafillatana takan ajiye ƙwaryar nono ko curin man shanu, wata ta kawo rabin tiyar gero, wata albasa, wata kuwa ta ce sai Lahadi mai zuwa, Inna ta ce Allah ya kai mu. Mai ba da kuɗi, a ƙuruciyata, dala biyar ko dala goma take bayarwa, kuma ban taɓa jin Inna ta yanka wa wata farashi kafin ta zauna ba.

Idan kika je wurin waɗanda suka san kakarki, ki tambaye su aikin hannunta dalla-dalla, domin kitso ba iri ɗaya ba ne kuma masu yinsa ba ɗaya ba ne. Inna ta koya a hannun gwaggonta tun ana yayin doka, wadda ake tayar da gashi a tsakiyar kai a yi masa matashi a ciki, a shafe shi da man shanu da shuni, ya daɗe a kai bai lalace ba. Ta ga doka ta wuce, ta yi zane iri-iri, ta yi shuku da kalaba da kitson zare, kuma kowane yayi ya zo takan kalle shi sau ɗaya a kan wata baƙuwa ta ɗauke. Amma abin da matan Tawa suka fi tuna ta da shi, shi ne tsaga. Takan riƙe kan mace da hannu biyu ta juya shi, ta dubi goshi da ƙeya da inda gashi ya yi kauri da inda ya yi ƙaranci, sannan ta ɗauki tsinke, kuma sau da yawa takan ce wa mai kai, kitson da kika zo nema ba na kanki ba ne, bari in yi miki wanda zai karɓe ki. Ba ta yarda ta ja gashin gaban goshi da ƙarfi, musamman na yara, tana cewa kitson da ya hana yarinya barci, gashinta yake ci. Yau likitoci ma suna faɗin cewa yawan ɗaure gashi da tsauri yana kashe saiwarsa a gaban goshi har ya daina fitowa, ita kuwa da ido ta gano haka, domin ta ga kawunan mata tun suna yara har suka yi furfura. Ba ta kuma kitsa kai mai datti. Hausawa na cewa kada a yi kitso da kwarkwata, kuma a wurinta wannan magana ba karin magana ba ce, dokar aiki ce. Idan ta buɗe kan yarinya ta ga kwarkwata ko ƙuraje, ba ta ɗaga murya a gaban jama'a, sai ta ce kan nan bai sha iska ba tukuna, a dawo jibi, sannan da dare ta je da kanta ta gaya wa uwar yadda za ta wanke shi da karkashi ta tsefe. Na daɗe kafin in gane cewa wannan dabara ce ta rufin asiri.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ya riƙa yi mini ciwo. Kwana uku kafin ƙaramar salla gidanmu ba ya zama namu. Inna tana azumi, tana kitso tun bayan asuba, a sha ruwa ta ci gaba da fitilar ƙwai har tsakar dare, yara suna barci a kan tabarma da rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Mu ƴaƴanta mu ne na ƙarshe, wani lokaci sai da safiyar idi, a gurguje, ana kiran mu fito. Na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba. Kuma Inna tana da faɗa. Yarinyar da ta cika motsi takan ji bayan mataji a kanta, kuma ba a gaya mata magana ta haɗiye. Ki sa irin wannan a cikin rubutunki idan kakarki tana da shi, cikin ladabi, domin waɗanda suka zauna da ita za su fi yarda da sauran abin da kika rubuta idan suka ga ba ki mayar da ita waliyyiya ba. Kuɗin waɗannan darare uku kuwa, daga baya na sani, su ne kayan sallarmu, su ne kuma zubin adashen da ta sayi awakinta da shi, ta yi wa mu huɗu kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Da wannan adashe da kiwon ragon layya ta tara kuɗin Makka. Ta kusa cikawa sai aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kujera ta yi tsada, abin da ta tara shekaru ya koma bai kai ba. Ba ta ce komai ba, ta sake shimfiɗa tabarmarta, kuma sai bayan wasu shekaru Allah ya nufa ta sauke farali. Yayana da ke aiki a lokacin ya so ya cika mata tun farko, ta karɓi guzuri daga gare shi amma ta ƙi karɓar kuɗin kujera. Daga nan sunanta ya koma Hajiya mai kitso, kuma da shi aka san ta har ta rasu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi muhimmanci, wanda ban sani ba sai a zaman makoki. Mace idan ta ɗora kanta a cinyar wata mace na tsawon awa biyu ko uku, fuskarta tana kallon ƙasa, ba ta ganin idon kowa, bakinta yakan buɗe ya faɗi abin da ba ta iya gaya wa uwarta. Mai kitso kuma tana ganin abin da ɗankwali ke rufewa: gashin da ya zube bayan haihuwa ko saboda damuwa, kumburin da ba faɗuwa ce ta kawo shi ba, zafin jikin yarinyar da uwarta ba ta lura ba. A zamanin da matan kulle suke da yawa, Inna takan bi su gidajensu, don haka babu ɗakin da ba ta shiga ba a unguwarmu, na uwargida da na amarya, wani lokaci a yini ɗaya. Da ta kasance mai kai-kawo, da ta raba gidaje ba adadi. Mu da muke cikin ɗakinta ba mu taɓa jin ta maimaita maganar wata ba, kuma idan muka yi mata tambaya takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar da ta rasu ina Yamai. Na kama hanya da asuba, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar kilomita fiye da 500, kuma da yake ta cika ne da dare aka jinkirta mini har na iso. A kwanakin ta'aziyya mata suka riƙa zuwa waɗanda ban taɓa gani ba, wasu daga ƙauyukan wajen Keita, wasu da sanda, wasu jikoki ke riƙe da hannunsu. Wata tsohuwa ta zauna kusa da ni ta cire ɗankwalinta ta nuna mini furfurarta, ta ce tun daren aurenta babu hannun da ya taɓa wannan kai sai na Inna. Wata ta ba ni labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, lokacin da damina ta ƙi, aka kuma rufe iyakar Nijeriya, mazan da ake sa ran su aiko suka rasa hanyar aike. Ta ce ta zo da ƴarta a yi mata kitso ba don tana da kuɗi ba, sai don ta rasa inda za ta zauna ta daina jin kukan yara. Inna ta kitsa yarinyar, ta kitsa uwar, da za su tafi ta ɗaure mata tiyar gero a bakin zane, ta ce kada ta kuskura ta gaya wa kowa. Ina da shekara goma sha shida a lokacin, ina cikin gidan, na kuma san cewa mu kanmu sau ɗaya muke ɗora tukunya a yini, amma ban taɓa sanin an yi haka ba. Wata kuma, wadda yanzu kaka ce, ta ce Inna ce ta ga tabo a kanta tana amarya, ba ta tambaye ta komai ba, amma washegari ta je wurin wata dattijuwa a dangin mijin, aka zauna aka yi magana, kuma daga ranar hannu bai sake sauka a kanta ba. Waɗannan labarai ba su cikin kowace takarda, ba su kuma wurin ƴaƴanta. Suna wurin matan da suka zauna a gabanta.

Saboda haka, ɗiyata, ki ajiye alƙalami tukuna ki sa takalmi. Ki tambayi iyayenki su wane ne tsofaffin masu zuwa kitso wurinta, ki fara da wadda ta fi tsufa, domin ni na yi jinkiri da biyu daga cikinsu, na koma na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsu. Ki je da ɗan goro ko sabulu, ki gaishe su, ki zauna a ƙasa. Kada ki ce su ba ki tarihinta, domin za su ce mutuniyar kirki ce su yi shiru. Ki tambayi wane kitso ta yi musu ranar aure, wa ya raka su, nawa suka biya, me take cewa idan an yi motsi, wa ta koya wa, wa ya koya mata. Daga ƙaramar tambaya babban labari ke fitowa. Idan sun yarda ki ɗauki muryarsu da wayarki, amma ki nemi izini, kuma duk abin da ya shafi sirrin gidan wani ki cire suna ko ki bar shi gaba ɗaya, domin bai dace abin da ta riƙe shekara hamsin ya fita ta hannun jikarta ba. Wannan ziyara kuma ba aikin rubutu kaɗai ba ce, domin ya tabbata a hadisi cewa sada zumunci da abokan iyaye bayan rasuwarsu yana cikin mafi girman biyayya. A nan ne kuma za ki ji ko akwai bashi a kanta ko zubin adashe da bai cika ba, ku biya tun da wuri. Wanda take bi kuwa, magada su zauna su yanke shawara, mu dai mun yafe namu.

Ki nemi waɗanda ta koya wa. Inna ba ta taɓa buɗe wurin koyo ba, amma duk yarinyar da ta tsaya a bayanta tana kallo, wata rana za ta miƙa mata gefen ƙeya ta ce ƙarasa. Na ƙirga mata goma sha ɗaya da suke ci da wannan sana'a ta dalilinta, a Tawa da Agadas da Yamai. Lokacin da meshi, wato gashin kanti da ake ƙarawa, ya shigo aka buɗe shagunan gyaran gashi, ƴanmata suka rage zuwa wurinta, ita kuma ta ƙi ƙara gashi a kan kowa saboda hadisin da ya hana, duk da ta san nan kuɗin yake. Ba ta zagi masu shaguna ba, har ma ita ce ta matsa aka tura wata jikarta ta koyi aikin zamani a Yamai, tana cewa kowa da lokacinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci abubuwa uku da ba su yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a, kuma ina kyautata zato ga Allah cewa sana'ar da ta hana mace roƙo tana da rabo a cikin wannan.

Akwai wani ɓangare na aikinta da ba a biya, kuma ina roƙonki ki tambaya ko kakarki ta yi shi. Mai jego ita ke yi mata kitson suna. Matar da mijinta ya rasu, idan ta cika wata huɗu da kwana goma na takaba, Inna ce ke zuwa da sassafe ta tsefe kan da ya daɗe ba a gyara ba, ta wanke, ta shafa mai, ta kitsa, kuma ta ce mini wannan shi ne kitson da ya fi kowane wuya, domin ana yinsa ne ana kuka. Ita ma da babanmu ya rasu wata ce ta yi mata. Haka nan idan mace ta rasu a unguwa, ita ake kira wanka, kuma takan raba gashin mamaciya gida uku ta kitsa, kamar yadda Ummu Aɗiyya ta ruwaito cewa sun yi wa ƴar Manzon Allah. Mata da yawa a Bilbis hannunta ne ya yi musu kitson farko suna yara, ya yi na aure, ya yi na ƙarshe.

A shekarunta na ƙarshe yanar ido ta rufe mata idanu, aka yi mata aiki ɗaya ya buɗe, yatsunta kuma suka kumbura da sanyin ƙashi har ba ta iya riƙe tsinke da kyau. Duk da haka idan aka kawo mata tattaɓa-kunne takan ɗora kan a cinyarta ta lalubi tsaga da yatsa, ta yi guda biyu ko uku ta ce a ƙarasa. Ranar da na iso Tawa, matan da za su yi mata wanka suka ce in shigo. Da aka zo ga gashi sai kowa ta tsaya, domin wadda ta saba yin wannan aiki ita ce a kwance. Ni ce ƴarta da ban taɓa tsayawa na koya ba, saboda ina ganin boko ya ɗauke mini wannan. Ɗaya daga cikin waɗanda ta koya wa, wadda ta girme ni, ta kama hannuna ta ɗora a kan Inna, ta raba mini gashin gida uku, fari fat, mai laushi kamar auduga, ta ce in yi a hankali kada in ja na gaban goshi. Ta yi biyu, na yi ɗaya. Gwangwanin nan da tsinken da matajin suna cikin akwatina a nan Yamai, kuma ƙaramar jikata, mai sunan Inna, ta fara tambayata na mene ne.